Masarar hunturu da kayan lambu a fili guda: littafin aikin gonata

Lahadi, 20 ga Oktoba, 2024

Bismillah. Yau na zuba irin salak a gadon reno, gefen na kabeji da ya riga shi da mako guda. Daga yau duk abin da ya faru a wannan aiki zan rubuta shi, daɗi da wuya, don kada baɗi in zo ina lissafi da "ina jin kamar".

Fili eka ɗaya ne a fadamarmu, ƙasar Garun Malam. Ruwan dam ɗin Tiga da ke bin manyan magudanan Kadawa da Kura bai iso gare mu ba, mu da rijiyar tiyubwel da injin fetur muke ban ruwa. Nan maganar ta samo asali. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, duk ruwan da ya kwanta a fangali kuɗi ne ya kwanta, ga shi yanzu lita ta taɓa naira dubu. Rani biyu ke nan ina noman masara zalla, kuma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya bai canza ba: makonni shida na farko masara na zaune a ƙasa saboda sanyi, ni kuwa ina shayar da fili tsirara a tsakanin layuka, ciyawa ce kaɗai ke amfana. Sisi ba ya shigowa sai bayan wata uku, amma mai da taki da 'yan ƙwadago ba sa jira.

Ƙanina da ya yi karatun aikin gona ya nuna mini a wayarsa yadda manoman jihar Bihar ta Indiya da na Bangaladash ke yi. Su ma da sanyi suke shuka masara, kuma ba sa barin tsakaninta haka nan. Dankalin turawa, koren wake, jan alayyahu, duk suna sawa su kwashe kafin masarar ta rufe. Da na kalla sai na ce ai wannan giccin iyayenmu ne, gero da dawa da wake a gona ɗaya. Mu ne dai muka ɗauka gicci aikin damina ne kawai.

Asabar, 2 ga Nuwamba

An kwashe shinkafa, an yi haro, mun watsa kashin kaji busasshe mun kafce shi cikin ƙasa. Na raba filin gida huɗu daidai wa daida.

Kashi na ɗaya masara ce zalla, yadda aka saba: santimita 75 tsakanin layi da layi, 25 tsakanin gindi da gindi, ƙwaya ɗaya a rami. Ita ce za ta zama ma'auni, in ba ita ba, ba zan san ko na ci ko na faɗi ba. Sauran ukun na yi musu tagwayen layi: layi biyu kusa da juna da ratar santimita 40, sai lungu mai faɗin 110, sai wasu tagwayen. Hikimar a nan take. 75 da 75 ya ba da 150, haka 40 da 110 ma 150 ne. Ke nan ban rage ko gindi ɗaya na masara ba, wajen gindi 21,000 a eka ko ta wace hanya, matsar da su kawai na yi don in buɗe wa lambu ɗaki. Lungunan kashi na biyu alayyahu da lansir, na uku salak, na huɗu kabeji.

Muna cikin ja da igiya Baffa ya biyo ta kan kunya da sandarsa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Kai, wannan wane irin zane ne kamar filin ƙwallo?"

Na yi masa bayani. Ya girgiza kai. "Masara ba ta son ɗari. Ka jira ka sa alkama kamar kowa, ko ka bari sai sanyi ya karye."

Na ce, "Baffa, in na bari sai Fabrairu, furenta zai faɗa cikin zafin bazara ya ƙone. Gara ta yi tafiyar hawainiya cikin sanyi ta yi goyo kafin zafi. A dai sa mana albarka."

Ya ce, "Allah Ya sa albarka. Amma ka sani, ba a haɗa gudu da susar baya. Ganye shan ruwansa daban, masara nata daban." Na rubuta wannan don ina ganin nan ne za a ji jiki.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Mun shuka masara yau, mu shida, daga hantsi zuwa la'asar. Irin ɗaya ne daga cikin SAMMAZ na cibiyar bincike ta Samaru, fara mai nuna da wuri, wadda da damina take kammalawa cikin kwana 90 zuwa 95. Na san da sanyi za ta zarce haka. Mun ƙulla igiya kowane santimita 25 don kada hannu ya yi son rai.

Alayyahu kuwa na cuɗa irinsa da yashi kafin a yafa, don ƙwayarsa ƙanana ce ƙwarai, in aka yafa shi haka nan sai ya taru wuri guda ya shaƙe kansa. Na bar taƙi guda tsakaninsa da layin masara. Lansir a lungu biyu na ƙarshe, na gida ne da maƙwabta.

Talata, 12 ga Nuwamba

Dashen salak da kabeji, da yamma bayan rana ta yi sanyi, muka bi su da ruwa nan take. Salak layi uku a lungu, kabeji layi biyu.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Tsiro ya yi kyau, alhamdu lillahi. Inda ɓera ya tone mun maye. Yau aka sa kamfa, buhu uku na 15-15-15 a ekar gaba ɗaya, a rami gefen kowane gindi a rufe da ƙasa, ba watsi ba. A tagwayen layi na ce a riƙa haƙa ramin ta ciki, tsakanin tagwayen, don takin ya tsaya wa masara. Ganye ya dogara da kashin kajin da ke ƙasa.

Abin da na fara lura da shi: kashi na ɗaya ya yi kore shar da ciyawa, sai an yi noman firi gobe. Lungun alayyahu kuwa ya fara rufe ƙasa, ciyawar ba ta samu sarari sosai ba.

Lahadi, 1 ga Disamba

Tsutsa ta shigo. Tun ranar Alhamis na ga ganyen masara da tabo fari-fari kamar an kankare shi da farce, rana tana ratsawa. Yau da sassafe na buɗe mazurarin wani gindi, wato tsakiyarsa inda sabon ganye ke fitowa a naɗe, na tarar da kashinta kamar dussar katako mai laima, da na zurfafa yatsa sai ga ta a naɗe. Ita ce dai, wadda ta shigo ƙasar nan a 2016 ta hana masu masara barci: zane a goshinta kamar ƙaramar gwafa a kife, da ɗigo huɗu baƙaƙe a kusa da wutsiya. Na bi layi biyar ina ƙirgawa, kusan gindi ɗaya cikin kowane biyar ya taɓu.

Da masara zalla ce da ban tsaya tunani ba, goya famfo zan yi in feshe ta. Amma alayyahu saura mako guda a cire shi, kuma gobe-jibi yana cikin miyar mutane. Maganin feshi kowanne yana da kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbarsa da za a jira kafin a ci abin da ya taɓa. Mu nan mun sha ganin wanda zai yi feshi yau ya kai kasuwa gobe, wai don ganye ya yi ƙyalli. Ni dai ba zan iya ba. Abin da ba zan zuba wa 'ya'yana a kwano ba, ba zan ɗaura wa wani ba.

Na kira malamin gona na yankinmu. Ya ce, "Alhaji, raba aikin gida biyu. Kashi na ɗaya yi masa feshi da yamma lis, lokacin da tsutsar ke fitowa, ka saita bakin famfon cikin mazurari, kuma ka duba inda iska ta dosa. Inda ganye yake kuwa, hannu da toka." Haka muka yi. Ni da ƙanina da yara uku muka bi tagwayen layuka gindi-gindi, muna murƙushe ƙwai inda muka ga curinsu a bayan ganye, muna zaro tsutsar, muna zuba toka da yashi ɗan tsunkule a cikin mazurari. Inna ta daka mana 'ya'yan darbejiya, an jiƙa su kwana za a tace a fesa gobe.

Wuni guda cur muka yi a kan rubu'i uku na eka. Wanda zai yi wannan noma a fili babba ya fara tanadar hannaye.

Litinin, 9 ga Disamba

Kwana talatin cif da shuka, kuɗin farko ya shigo. Tun asuba tsofaffin mata huɗu suka zo tumɓuke alayyahu, ana wanke saiwar a bakin tiyo ana ɗaurewa. Sanyi ya sa hannuwansu sun ƙage, sai da muka hura musu wuta da karan shinkafa. Ƙanina ya ɗora a a-kori-kura zuwa kasuwar 'Yan Kaba, kafin azahar ya bugo ya ce an kwashe.

Bayan an cire kuɗin mota da na mata da la'ada, abin da ya rage ya mayar mini da duk man da inji ya sha tun daga ranar shuka, har da ɗan canji. Masarar da ke gefensa ko gwiwa ba ta kai ba. Bara war haka bashin mai nake ci a wurin mai bumburutu, ina ba shi haƙuri sai masara ta fito. Daren yau na ci tuwo da miyar alayyahun gonar, ga kwaɗon lansir da ƙuli-ƙuli a gefe, hankalina kwance.

Na sake yafa alayyahu a lungunan da aka kwashe.

Juma'a, 20 ga Disamba

Hunturu ya sauka da ƙarfinsa. Hazo ya rufe gari kwana huɗu, da safe in ka sa ƙafa a fangali kamar an soka maka allura. Masara ta tsaya cik. Gefen ganyenta na ƙasa ya koma shuɗi-shuɗi mai ja, abin ya tsorata ni na ɗauka cuta ce. Malam ya duba ya ce sanyi ne ya hana saiwa jan sinadarin fosfaras daga ƙasa, in gari ya ɗan sake za ta warware da kanta, kada in ɓarnatar da kuɗi a kan magani. Ya ƙara da cewa masara in sanyi ya yi ƙasa da awo goma a ma'aunin zafi ba ta girma ko kaɗan, kuma dararen nan muna dab da hakan.

Alayyahu na biyu shi ma ya ƙi. Kwana goma sha ɗaya amma yana nan kamar gashin jariri. Ashe shi ma ɗan zafi ne, na farko ya ci sa'ar ɗumin Nuwamba ne. Da na sani lansir ko ƙarin salak zan sa a gurbinsa. Salak da kabeji su ne ke sarauta yanzu, kai ka ce don su aka yi sanyin.

Maganar Baffa ta tabbata a kan ruwa. Masara a wannan sanyi ta wadatu da ruwa sau ɗaya a kwana shida ko bakwai. Salak kuwa saiwarsa a sama take, kwana uku in ya wuce sai ya langaɓe. Da na bi salak, sai gindin masara ya riƙa zama cikin laima, ita kuma ba ta son kwanciyar ruwa. Mun ɗan ɗaga ƙasa a gindin tagwayen layin, muka mai da lungu ya zama shi ne fangali, ruwa yana bin sa shi kaɗai ɗan kaɗan-kaɗan, masara tana sha ta gefe. Ya yi aiki, amma tada inji ya ƙaru. Dole wannan ya shiga lissafi, kada in yaudari kaina.

Litinin, 23 ga Disamba

An sare salak. Na auna shi da wannan mako da gangan, don masu kai kaya Sabon Gari suna nemansa ido rufe saboda Kirsimeti. Kawunan sun cika, ganyen yana ƙaras-ƙaras in ka karya.

Sai dai an ɓata mini rai. Wani ɗan sari ya zo ranar Asabar ya zagaya lungunan da ƙafarsa, muka yi ciniki, muka tafa. Yau bayan an gama sarewa an loda a kwanduna, sai ya ce kasuwa ta faɗi, shi ba zai iya ba sai na rage masa kashi ɗaya cikin huɗu. Ya san salak da aka sare ba ya kwana. Na ce, "Haba Alhaji, ai magana ɗaya ce, kuma ba haka muka rabu ba." Ya ɗaga kafaɗa ya ce in ban yarda ba in nemi wani. Rana ta fara ɗagawa, ganye ya fara laushi, na sallama. Abin ya yi mini ciwo, ba don kuɗin kaɗai ba, don yaran da suka yi ta jan tiyo cikin ɗari su ne aka ci wa gumi. Daga yau ba a sa wuƙa a kayan gwarina sai an ajiye kafin alƙalami, kuma ba zan ƙara sare lungu duka rana ɗaya ba.

Duk da haka, kuɗin ya sayi buhun yuriya, ya biya 'yan ƙwadagon wata, ya bar na mai har tsakiyar Janairu.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Masara ta kai gwiwa, ta fara sakin jiki, shuɗin ganyen ya tafi kamar yadda Malam ya faɗa. An sa yuriya, a binne. A ka'ida da damina tun mako na biyar ko na shida ake sawa, ni na bi girman shuka ban bi kalanda ba.

Wajen tara ƙasa a gindi, kashi na uku ya yi sauƙi tunda salak ya tashi, sai muka kwashi ƙasar lungu muka huɗe masarar da ita, da sauran kashin kajin da ke ciki. Alayyahu na biyu na haƙura da shi, ya fara fure tun yana ɗan taƙi guda, muka tsinka na miya muka kife sauran. A wurin kabeji ne aka rasa inda za a ɗebo ƙasa, sai da fartanya ƙarama aka lallaɓa. Wani yaro ya zubar da yuriya a kan ganyen kabeji uku, sun ƙone.

Asabar, 18 ga Janairu

Na zauna a bakin kashi na huɗu daga hantsi har azahar ina kallon inuwa, don in gane abin da ke damun kabejin. Masara ta yi tsalle cikin makonni biyun nan, ta kai mini ƙirji. Layukana gabas da yamma suke, haka gangaren ruwa ya ba da. A wannan lokaci na shekara kuwa rana ba ta bi ta tsakiyar ka, ta kudu take karkata. Ko da tsakar rana inuwar masara tana faɗawa arewa, tsawonta ya kusa kashi biyu cikin uku na tsayin karan. Saboda haka a kowane lungu, layin kabejin da ke jingine da masarar kudu yana wuni a inuwa, na ɗaya gefen kuma yana samun rana.

Bambancin ba ya bukatar ma'auni. Na gefen rana ya dunƙule, in ka danna da babban yatsa ka ji tauri. Na inuwa ganye ne kawai ya baje, kan bai fi dunƙulen hannu ba, sako-sako, ga darɓa ta taru a ƙarƙashin ganyen saboda iska ba ta ratsawa. Kabeji yana son kusan wata biyu da rabi bayan dashe, masara kuwa wata biyu kawai ta ba shi. Laifin tsarina ne, ba na iri ba. Ko dai a dasa shi mako uku kafin a shuka masara, ko a ja layuka kudu da arewa, ko a yi masa layi ɗaya tak a tsakiyar lungu. Na fi karkata ga na farko.

Baffa ya zo ya same ni a wurin. Bai ce "na faɗa maka" ba. Ya tsuguna ya matsa kan kabeji ɗaya, sannan ya ɗaga kai ya dubi masarar ya ce, "Ita dai wannan ba ta yi fushi da maƙwabtanta ba."

Laraba, 22 ga Janairu

Fure ya fito a ka, kwana 74 da shuka. Da damina da tuni an wuce nan da kusan mako uku. Gemu ya fara leƙowa a wasu. Daga yau zuwa mako uku ba wasa da ruwa, ko da za a sayar da akuya a sayi mai, don ƙishin wannan lokaci shi ke barin goyo da giɓi. Da hantsi in ka ratsa layi sai garin furen ya zubo maka a hula, rawaya-rawaya. Gari da sanyi-sanyi, ba zafin da zai kashe shi. Dalilin shukar Nuwamba ke nan.

Talata, 28 ga Janairu

Mun sare kabeji. Rabi na kasuwa, rabi na gida da dabbobi. Ya fitar da kuɗin irinsa da dashensa, bai wuce nan ba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Yau ranar ƙirga ce. Ni da ƙanina muka ɗauki igiya mai tsawon mita 20, muka auna wuri uku-uku a kowane kashi, muna ƙirga gindin da ya yi goyo mai kyau. A mita 20 gindi 80 ake shukawa. A masara zalla mun samu tsakanin 70 da 73. A kashin salak 69 zuwa 72, kuma goyonta ya fi na kowa kauri, ina zargin kashin kaji da yawan ruwan da salak ya jawo mata. Kashin alayyahu 66 zuwa 69, nan ne tsutsa ta fi yin ɓarna tunda ba a yi feshi da wuri ba. Kashin kabeji ne ƙarshe, 62 zuwa 65, karan ma ya fi siranta. Kabeji maci ne, sun yi ta kokawar taki da masara har ƙarshe, kowa ya fita da rauni.

Malam ya koya mini yadda masu bincike ke auna irin wannan noma. Ka duba kashi nawa na amfanin masara zalla ka samu, ka duba kashi nawa na amfanin lambu zalla ka samu, ka haɗa. In jimlar ta wuce ɗaya, to filin da ka haɗa ya yi aikin fili fiye da ɗaya. A kashin salak masara ba ta rasa komai ba, salak kuma ya cika fiye da rabin abin da lambu zalla zai ɗauka, ke nan rubu'in eka ya yi aikin rubu'i da rabinsa. Ba ni da ma'aunin salak zalla a gefe, don haka wannan ƙiyasi ne na ido. Baɗi in Allah Ya kai mu zan ware masa fangali biyu shi kaɗai.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gemu ya bushe ya yi baƙi, in ka soka farce a ƙwaya madara ce mai kauri ke fitowa. Mun fara karyar ɗanya. A wannan wata ɗanyar masara baƙuwa ce a gari, masu gashi a bakin titi suna biyo ta har gona. Wannan karon mutum uku na kira, kowa ya ajiye kuɗinsa kafin a shiga layi, kuma kwana uku za a yi ana karya, ba rana ɗaya ba.

Ina hanzari ne don azumi ya ƙarato, in an kama baki cinikin gasasshiyar masara da rana zai ja baya. Kashi na biyu da na uku da na huɗu duk za su tafi ɗanye. Na ɗaya zan bar shi ya bushe, na tuwo da koko. Karan ma mai kiwon shanun ƙetare ya saye shi tun yana tsaye, ɗanyen kara a Fabrairu ba abin yarwa ba ne.

Talata, 4 ga Maris, 4 ga Ramadan 1446

Na zauna da littafin kuɗi bayan tarawihi. Kashin salak ne a gaba nesa ba kusa ba, duk da cutar da aka yi mini da ƙarin man da ya sha. Alayyahu na biye, kuma shi ne ya fi kowa sauƙin kuɗin shiga. Kabeji sai an jira masarar kashi na ɗaya ta bushe an auna kafin a san ko ya fi ta ko ta fi shi. Abu ɗaya da littafin ya nuna ƙarara: daga 9 ga Disamba zuwa yau ban ci bashin kowa ba, gonar ce ta riƙa ciyar da kanta.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne jiya da ƙanina ya dawo daga kasuwa ya ce salak da kabeji da kokwamba ana wawarsu saboda buɗa-baki, ni kuwa ko ganye ɗaya ba ni da shi. Da na ware ɗan fili a gefen rijiya na yi reno a farkon Janairu, da yanzu ina sara. Baɗi azumi zai matso da kwana goma sha ɗaya, tsakiyar Fabrairu ke nan, sai a tsara renon da wannan.

Zafi ya fara, da azahar ganyen masarar da ta rage yana naɗewa. Na rage mata ruwa, sau ɗaya ya saura in ba ta. An kwashe karan sauran kashi ukun ranar Lahadi, ƙasar tana da sauran laima da taki. Gobe bayan sahur, kafin rana ta yi zafi, za mu shuka kuɓewa a kashi na uku, wake ɗan wuri a na biyu da na huɗu. Baffa ya aiko a ce mini in bar masa lungu biyu, yana da irin yakuwa da yake son gwadawa.